Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Kiɗan Hadko Irin ta Da

Hadko reshe ne na kiɗan pank wanda ya tsiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma yi tashensa tsakanin 1980 da 1986. Samari ne suka ƙago shi, da yawansu ba su cika shekara 20 ba, a garuruwan bakin teku na kudancin Kalifoniya, da Washinton, da San Faransisko, daga baya Niyok da Boston suka kama. Kiɗan ƙungiyoyin Ramones da Sex Pistols ya yi musu daɗi, sai dai a kunnensu yana jan ƙafa. Don haka suka ƙara masa gudu, suka datse tsawonsa, suka cika shi da tsawa. A 1981 ƙungiyar D.O.A. ta Kanada ta fitar da faifai mai suna Hardcore 81, sunan kuwa ya bi kiɗan har yau. Mai son kafa ƙungiya irin ta wancan zamani ba ya buƙatar kaya da yawa, amma kowane mataki da ƙa'idarsa.

Mutum huɗu sun wadatar: mai ganga, mai jita, mai jitar bes, da mawaƙi. Mai ganga ake fara nema, domin shi ne injin motar. Waƙar rawa ta yau da kullum takan yi bugu 120 a minti ɗaya, ta hadko kuwa takan haura 200. Hanyar gane wanda ya dace mai sauƙi ce: a duba yaron da malamai suka gaji da hana shi kiɗa tebur a aji. Idan ya zauna gaban ganguna, ƙarar ta fito kamar keken tela a daren jajiberin Sallah, ba tsayawa ba numfasawa, to an samu. Mai jita ya riƙe sautuka uku ko huɗu, ya murɗa lasifika har sautin ya dagule ya koma gurnani. Mai bes ya bi shi sau da ƙafa, ya kuma zama mai haƙuri, don galibi shi ne zai ɗauki kaya mafi nauyi.

Mawaƙi kuwa ba a nemansa a makarantar waƙa. A cikin 'yan kallo ake tsintarsa, can gaba, inda yake ihu fiye da wanda ke riƙe da makirfo. Haka ƙungiyar Black Flag ta yi a 1981. Henry Rollins yana aiki ne a shagon sayar da askirim a Washinton, ya bi su har Niyok don kallo, ya hau dandamali ya rera waƙa ɗaya tare da su. Ba da jimawa ba suka kira shi gwaji, ya ajiye aikin askirim ya shiga motarsu. Gwajin murya ɗaya ne: mutum ya tsaya a wannan bakin titi ya kira abokinsa da ke wancan bakin, lokacin da tirela ke wucewa. In abokin ya waiwayo, an ɗauke shi.

A nan masu sabon shiga sukan yi kuskure babba, su ɗauka tunda kiɗan hayaniya ne, rashin iyawa ma cancanta ce. Ba haka ba ne ko kusa. Gudu ba ya rufa wa mai kasala asiri, tona shi yake yi, domin mutum huɗu su tashi tare su tsaya tare a irin wannan sauri sai da horo mai tsanani. Greg Ginn, wanda ya kafa Black Flag, ya shahara da tsare abokan kiɗansa sa'o'i masu yawa kusan kullum suna maimaita abu guda. Bad Brains ta Washinton, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce gwanar gwanaye a wannan fage, baƙaƙen fata ne su huɗu da suka fara da kiɗan jaz mai wuyar sarrafawa, a ƙarƙashin sunan Mind Power. Da suka juya zuwa pank, hannunsu ya riga ya faɗa, shi ya sa faifansu na farko a 1980 ya bar sauran makaɗa baki buɗe. Mawaƙinsu H.R. yakan yi tsalle ya juya a sama ya dira daidai bugun ƙarshe na waƙa. Kuma da yake mabiya Rasta ne, sukan saka rege mai sanyi a tsakiyar wasa. Wannan dabara ce da ta cancanci koyi, don 'yan kallo su samu su nemo takalmansu.

Sunan ƙungiya ya zama gajere, mai sa iyaye su ɗaga gira. Tambari kuma ya zama wanda za a iya fesawa a bango kafin mai gadi ya zagayo. Na Black Flag sanduna huɗu ne baƙaƙe, wanda Raymond Pettibon, ƙanen Ginn, ya zana, kuma saboda sauƙinsa ya cika bangayen Los Anjeles. Mawaƙi ma yana iya sauya nasa sunan. Na Dead Kennedys ta San Faransisko ya haɗa sunan wani kayan zaƙi na Amurka da sunan Biyafara, don ya tuna wa masu ƙoshi yunwar da aka yi a yaƙin basasar Nijeriya, ya zama Jello Biafra. A 1979 ya tsaya takarar magajin garin San Faransisko, ya yi alkawarin tilasta wa manyan 'yan kasuwa sa tufafin 'yan barkwanci a cikin gari, ya kuma zo na huɗu cikin 'yan takara 10.

Batun tsawon waƙa shi ne zuciyar al'amarin. Waƙar ƙungiyar Minor Threat mai suna Straight Edge daƙiƙa 46 ce. Ƙungiyar da Keith Morris ya kafa bayan ya bar Black Flag ta cusa waƙoƙi 14 cikin minti 15 a faifanta na 1980. D.R.I. ta jihar Texas ta zo a 1983 da waƙoƙi 22 cikin kusan minti 18. Saboda haka ƙa'idar a fili take: waƙar da ta wuce minti biyu a raba ta gida biyu, a sa wa kowane ɓangare suna, an samu riba. Ba a doguwar shimfiɗa, ba a barin mai jita ya yi ta gwaninta shi kaɗai. Mai ganga ya ƙwanƙwasa sandunansa sau huɗu, kowa ya afka.

Wannan gajarta ita ce sirrin daɗin kiɗan, kuma ba abin rainawa ba ce. Wanda aka ba daƙiƙa 50 ya faɗi abin da ke cinsa ba shi da lokacin ado ko kewaye-kewaye, dole ya fito da maganar tsirararta. Abin da ke cin samarin nan kuwa sananne ne: 'yan sanda masu duka, makaranta mai gundura, aikin da ba ya kai ko'ina, gidajen da iyaye suka rabu, da mulkin Ronald Reagan wanda ya fara a 1981. A Ingila, Discharge ta garin Stoke-on-Trent ta mai da hankali kan tsoron yaƙin nukiliya, da baituka 'yan ƙalilan da take nanatawa. Matashin da ya wuni yana haɗiye fushi, ya zo ya tarar da ɗaki cike da irinsa suna amsa amshi ɗaya da iyakar ƙarfinsu, yakan fita jiƙe da gumi, zuciyarsa wasai. Waƙar soyayya ba haramun ba ce, amma a yi ta da sauri.

Wurin gwaji gareji ne ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Black Flag a wani tsohon coci da aka daina amfani da shi a Hermosa Beach take yi, wasu cikinsu ma nan suke kwana. A jingina tsofaffin katifu a bango, a kuma gaishe da maƙwabta da ladabi tun kafin a fara, domin bayan an fara ba za su ji gaisuwar ba.

Idan waƙoƙi sun taru, ba a zama jiran wani babban kamfani, don ba zai zo ba. Ginn ya mai da ɗan kasuwancinsa na kayan rediyo, SST, ya zama kamfanin faifai. A Washinton, Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa Dischord a 1980 da kuɗin da ƙungiyarsu Teen Idles ta tara daga wasanni, suka buga faifai 1,000. Kwalayen faifan kuwa da hannu suka yanka, suka ninke, suka manne da gam, ɗaya bayan ɗaya, su da abokansu. Saboda haka almakashi da gam suna cikin kayan kiɗa, daidai da jita. Haka ma injin fotokwafi, don buga takardun talla da ake liƙawa a jikin turakun lantarki, da ambulan da kan sarki, domin a wancan zamani ta gidan waya kaset ke tafiya daga gari zuwa gari. Mujallu irin su Flipside ta Los Anjeles da Maximumrocknroll ta San Faransisko, waɗanda masoya kiɗan ke haɗawa da kansu, su ne kasuwar labari. Farashi ya zama mai sauƙi, yadda ɗan makaranta zai iya saye da kuɗin tara.

Tufafi ba su da wahala. Wandon jins, 'yar riga, takalmin kambas, aski ƙwal-kwabo in ana so. Wanda ya ɓata awa guda gaban madubi ya makara, an gama wasan.

Wurin wasa a zaɓe shi da lura. A 1979 Black Flag ta samu shiga wani wasan rana a lambun shaƙatawa na Polliwog Park, inda iyalai suka baje tabarmi suna cin abinci, aka ƙare da jifan makaɗan da abin da ke cikin kwanduna. Wuraren da suka dace su ne ɗakunan taro na unguwa, da ƙarƙashin coci, da kulob irin CBGB na Niyok, wanda ya riƙa buɗe wa 'yan hadko ƙofa ranar Lahadi da rana. Muhimmin sharaɗi shi ne kada a hana yara shiga saboda shekaru. A 1980, da Teen Idles suka je wasa a Mabuhay Gardens ta San Faransisko, masu wurin suka zana musu babban X a bayan hannu don kada a sayar musu da giya. Suka kai dabarar gida, alamar kuma ta koma abin alfahari ga samarin da suka zaɓi ƙin giya da ƙwaya, tafarkin da ya ɗauki sunan waccan waƙa mai daƙiƙa 46. Ke nan mai kafa ƙungiya yana iya yin duk wannan hauka da ruwan sanyi kawai a cikinsa, kuma ya fi daɗewa a tsaye.

Rawar kuwa ture-ture ce a fili gaban dandamali, ana zagayawa ana karo da juna, wasu su hau dandamali su faɗo kan jama'a. Mai niyyar faɗowa ya tabbatar akwai jama'ar. Doka mafi girma ita ce duk wanda ya faɗi ƙasa a ɗaga shi nan take, ko ba a san shi ba. Inda aka yi watsi da wannan doka abin ya lalace: 'yan neman faɗa suka mamaye fili, 'yan mata da ƙananan yara suka koma gefe, 'yan sanda suka samu hujjar rufe wurare. Ƙungiya ta gari takan tsayar da kiɗa tsakiyar waƙa idan ta ga ana cin zalin wani, kuma wannan yana cikin aikinta.

Sai tafiya. Ana buƙatar tsohuwar ƙaramar bas, da littafin lambobin waya na mutanen da za su ba da tsakar ɗakinsu a kwana. Black Flag da D.O.A. su suka share wannan hanya a faɗin Amurka da Kanada, suna wasa a garuruwan da manyan mawaƙa ba su taɓa takawa ba, sauran ƙungiyoyi suka bi sawu. Rollins ya rubuta wahalar wannan yawo a littafinsa Get in the Van. A tanadi abin toshe kunne tun daga ranar farko, domin ƙarar lasifika tana barin shiu a kunne wanda ba ya warkewa.

Mataki na ƙarshe shi ne watsewa a kan kari. Idan mai jita ya fara tara gashi yana neman waƙa mai minti bakwai, lokaci ya yi, kamar yadda aka gani a faifan My War na Black Flag a 1984, wanda rabinsa na biyu ya koma tafiyar hawainiya, ya raba kan masoya. Black Flag da Dead Kennedys sun watse a 1986. Minor Threat shekara uku kacal ta yi, daga 1980 zuwa 1983, kuma faifan da ya tattara aikinta bai cika awa ɗaya ba. Kamfanin Dischord yana nan har yau, yana kuma sayar da shi.