Alhaji, Sauke Gilashi Mu Yi Maganar Lambar Keke

Alhaji mai mota. Ni ne mai keken nan da ka bi da hon jiya tun daga ƙofar FCE har Agoro. Da ka samu ka wuce, na ji abin da ka faɗa wa na kusa da kai: "Waɗannan ai sai an sa musu lamba kamar kowa!" To ga ni na biyo sawu. Sauke gilashi, ai na san ba sanyi kake tsare wa ba, esin ya daɗe da mutuwa.

Albishirinka. Dokar da kake roƙo tana nan, ta ma girmi motarka. Na ga ka taɓe baki. Ɗauko Tsarin Mulkin 1999, ka buɗe Jadawali na Huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi. A ciki akwai bai wa keke lasisi, da kura, da kwalekwale, da baro, da amalanke. Ka ga ashe ba ni kaɗai za ka kai ƙara ba. Sai ka haɗa da mai baron da ke ɗauko wa Hajiya doya daga kasuwar Tudun Wada, da ɗan garuwan da gidanka ba ya wanka sai ya zo. In kana shakka har yanzu, tambayi kowane dattijo a Gyallesu labarin lasin keke na zamanin En'e. Zai ba ka labarin yadda mai sabon Rale yake sauka ya ratse lungu in ya hango ɗan doka.

Me ya kashe abin? Lissafi. Kafin ka biya mai rubuta rasit da mai tsare hanya da mai tsare mai tsare hanya, kuɗin keken ya ƙare a shayi. Birnin Toronto na Kanada ya watsar da lasin keke tun 1957. Suwizalan, ƙasar da ba ta wasa da ƙididdiga, ta daina tilasta ɗan tambarin da ake manna wa keke daga farkon 2012. Za ka ce ina ruwan Zariya da Suwizalan, su cakulan, mu rake. Gaskiyarka. To ga Japan, can ana yi wa keke rajista, amma don in an sace a gano mai shi. Wannan kam da gudu zan je, domin duk wanda ya taɓa fitowa daga masallaci ya tarar da wurin kekensa wayam ya san zafin.

Amma kai ba sata ce ta dame ka ba, cewa kake lamba za ta hana haɗari. Alhaji, tirelar da ke kwana a kan kwalta a Ɗanmagaji ba lamba gare ta ba? Ɗan acaɓan da ya kankare maka fenti fa? A 2001 Ministan Sufuri na ƙasa, Ojo Maduekwe, ya tashi haiƙan yana kiran jama'a su koma keke, har yana hawa zuwa aiki a Abuja. Bas ta ture shi ya faɗa kwata. Ministan sufuri guda! Ita bas ɗin ai ba a rasa ta da lamba gaba da baya ba. Lamba sunan mai laifi take faɗa bayan an yi ɓarna, ba ta taka wa kowa birki.

Kada ka ce na taka nawa tudun ina hango naka. Mu ma muna da hali. Akwai mai keken da birkinsa silifas ne, sai ya danna ƙafa a taya yana salati. Akwai mai biyo hannun da ba nasa ba, ya ɗauro buhun masara a kariya, ya kuma ɗora ƙanensa a kan buhun. Akwai mai fitowa bayan magariba cikin baƙar riga, ba fitila, ba ko ɗan abin ƙyalli a baya, sai tawakkali. In 'yan Kastiliya da Rod Sefti za su tare mu su ce ina birki, ina fitila, ina ƙararrawa, wallahi ba zan yi musu ba. Wannan tambayar rai take tsarewa. Rasit kuwa, kura da shan bugu ne, gardi da kwashe kuɗi.

Sai maganar da na ji ka yi ƙasa-ƙasa, ta masu keken guragu. A nan ka rage murya. Bawan Allah da shan-inna ta taɓa tun yana yaro, yana murza feda da hannu, kansa bai kai tsayin madubinka ba, kana tambayar me ya kawo shi tsakiyar titi. Leƙa gefen titin ka gani: mai shayi, mai faci, tebur ɗin mai cajin waya, sai wata mota da aka ajiye a karkace. Kamar na san lambarta ma. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, amma har yau kwalta ce kaɗai shimfiɗaɗɗen wurin da tayarsa za ta bi. Wanda ya samu hali ya haɗa babur mai ƙafa uku, wannan inji ne, a ba shi lamba kamar kowane babur, ban ƙi ba. A Ingila ma keken lantarkin naƙasassu mai gudun mil 8 a awa sai an yi masa rajista kafin ya hau titi, amma ba a karɓar harajin ko sisi a kansa. In za mu kwaikwaya, mu ɗauko har da wannan wutsiyar. Na hannu kuwa, doguwar sanda da jan ƙyalle a samanta ta fi masa lamba goma amfani.

Ku kuma abokan wasanmu Kanawa, na hango ku kuna murmushi. Don Allah a bar zancen nan a Zazzau. Bakano ya ji ana batun lambar keke, kafin majalisa ta zauna ya buɗe shagon bugawa a Sabon Gari, har da ragi ga mai sayen dozin.

Yanzu saura ƙiris, Alhaji. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ranar Asabar na hango wani mai kama da kai a wurin mai gyaran keke, yana taya wani tsohon Phoenix, yana ta nanata cewa na yaro ne zai riƙa zuwa Islamiyya. Na dai ga an ɗaga sirdin har ƙarshe, an kuma ce a ƙara wa tayar baya iska. Allah ya raya mana wannan yaro mai furfura. In ranar rajistar ta zo, kada ka damu da sammako, zan kama maka layi a bayana.