'Yan Bitar Kemistiri a Bacirawa

Da zarar jarrabawar JAMB ta ƙarato, sai samarin Bacirawa su baje tabarma bayan sallar isha'i a gindin fitilar sola, da littafin Ababio guda ɗaya wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, da tarin tambayoyin shekarun baya. Wai taimakon juna ake yi. To, masu taimakon dai iri-iri ne.

Akwai Gwani, wanda ya taho da hadda tun daga makarantar allo. Zai jero maka sinadarai 20 na farko, daga haidurojin har kalsiyam, yana rangaji, babu gyara. Ya san nauyin mol ɗaya na ruwa giram 18 ne. Ka ce masa to mol biyu fa, sai ya ɗaure fuska ya ce nan ba a biya masa ba.

Kusa da shi Malamin Duba ne. Shi ba ya warware tambaya, hasashe yake yi. "Wannan ta fito bara, ku ƙyale ta." Ya ce ya bi amsoshin shekaru goma ya gano C ta fi yawa, saboda haka tambayoyi 40 na kemistiri duk C zai danna, sauran ya bar wa Allah.

Sai Tsohon Hannu, wanda ya zauna jarrabawar har ya saba da masu gadi. Ya san motar da za ka hau da asuba, ya san irin kujerar da linzamin kwamfutarta ke gardama. Yana ba da labarin zamanin takarda da fensir, kafin 2015, kai ka ce da shi aka yi. Miƙa masa lissafin taitireshan, nan take zai tuna bai ba akuya dusa ba.

Mai waya ba sai an daɗe a kansa ba: data ta ƙare a ƙwallon Arsenal.

Wanda ya fi burge ni shi ne Sarkin Noma. Yini yake a gonar babansa, ya zo yana gyangyaɗi. Ana ta fama da tambayar kason naitirojin a cikin yuriya, ana raba 28 da 60, sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ku daina wahala, 46 ne, a jikin buhu yake." Da ɗan ɗigo a kai, amma ya yi gaskiya. Matsalarsa ɗaya: ya rantse K ɗin da ke cikin NPK kanwa take nufi. An ce masa fotasiyam ne, ita kanwa ma sodiyam ya fi yawa a cikinta, ya ce boko ne kawai.

Duk tambayar da ta gagari tabarma, cikin gida ake aika ta. Can akwai ƙanwar Tsohon Hannu, 'yar aji biyar, wadda ta gane asid da kishiyarsa a madafi: ta jefa kanwa a zoɓo jansa ya yi duhu, ta matsa lemon tsami ya dawo. Ƙaramin yaro ne ɗan aike. Ya shiga da takarda, ya fito da amsa, yayan ya karɓa ya gyara murya ya ce, "Dama haka na yi tunani."

Yaron kuwa ba ya rage saƙo. A gaban kowa yake cewa, "Yaya, ta ce a juye ka riƙe takardar, kuma wai kuɗin awararta na jiya."