Yadda Ake Titsiye Tsohon Moto Kafin a Ƙirga Jikkuna

In za ka sayi tsohon moto a Dogon Dutsi, sammako ne jarinka na farko. Kada ka aika yaro, kada ka buga waya. Ka yi sallama ƙofar mai shi da an sauko daga sallar asuba, kana tambayar iyali da gajiya, tafin hannunka na kan injin. In ka ji shi da ɗumi kamar ƙosan da aka tsamo yanzu, an riga ka tashi, an ɗumama shi don kada ka ga yadda yake farkawa. Ka sha shayin da aka ba ka, ka ce sai gobe. Injin da ya kwana cikin raɓa shi ne mai faɗin gaskiya.

Akwai magana ɗaya da duk mai sayar da moto ya hardace, daga Matankari har Kore Mairuwa: "Alhaji, karbirato ne kawai." Ya ƙi tashi, karbirato ne. Yana hayaƙi, karbirato ne. Ko tayar baya ce ta sace, da za a bar shi karbirato zai kama. Dalili kuwa a fili yake: wankin karbirato aikin awa guda ne a gindin bishiya, buɗe inji kuma fiston ne da segiman, kuɗin da zai taɓa rumbunka. Aikinka na safiyar nan ka raba ciwon arha da ciwon tsada.

Kafin a murɗa makulli, taka kik a hankali. Lafiyayyen inji yana turjewa kamar jakin da aka nuna wa kwalbati. In ƙafarka ta zarce ƙasa kamar ka taka tsumma, matsin cikinsa ya zurare, kuma babu wankin da zai mayar da shi. Zaro sandar awon mai, ka murza tsakanin yatsu. Man da ya yi kauri kamar zuma sau da yawa man giya ne aka ɗura don a toshe bakin ƙara. In yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, injin naman kansa yake ci.

Yanzu a tayar, kai kuma ka koma bayan salansa. Kasea da Haojue da Boxer mansu na zaune a tukunyarsa, bai kamata ya shiga wuta ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin mai a wurinsu yana nufin segiman sun gaji ko robar supap ta bushe. Tsohon Yamaha DT na ƴan furoje da Peugeot P50 na kakanni kuwa da mai suke ƙona esans, hayaƙi gadon gidansu ne, kada ka tsine musu a kansa. Baƙin hayaƙi shi kaɗai ne za ka yarda a ɗora wa karbirato. Ka kasa kunne kuma: ƙas-ƙas daga sama supap ne ke son a daidaita su, amma bugu daga ƙasa kamar taɓarya cikin turmi, ka nemi takalmanka.

Buji harshen inji ne, a kwance shi ka duba yadda likita ke duba na yaro. Launin shayi da madara lafiya ce. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, esans ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, mun koma maganar segiman. Fari fat kamar toka, injin yunwa yake ji, kuma mai wannan yunwa zafi yake yi har ya ƙone supap. Sabon buji fil a tsohon moto shi ma abin tambaya ne.

Shi karbirato bawan Allah ne da ake zalunta, ina kuwa jin tausayinsa. Kukun inji ne: yana gauraya iska wajen kashi 15 da esans kashi 1 a ma'aunin nauyi, ta ƙofofin jikler da ba su kai kafar allura ba. Sai a haɗa shi da ƙurar hunturu, da rairayin Dallol Mawri, da esans na kwalba da ya tsallako iyaka aka tace shi da gefen rawani. In moto yana mutuwa da ka saki totur, sai an ja shok yake ci gaba da aiki, ƙaramin jikler ne ya toshe. In yana ɗiga ta ƙasa kamar yaro mai fitsarin kwance, allurar da ke tsayar da esans ce ta ci, ko tsakuwa ta tokare ta. In ka saki totur ya ci gaba da kuka bai sauko ba, duba robar da ta haɗa shi da inji, ta tsage tana satar iska. Kwance ƴar ƙusar da ke gindinsa, ka tari abin da ya zubo a kofin shayi: ruwa ya fi esans nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa.

Roƙona biyu ga ƙannena makanikai. Kada ku soka wa jikler waya ko allura, ramin yana faɗaɗa, moton ya koma shan esans kamar raƙumin da ya iso rijiya. Iska ake hura masa. Kada kuma ku cire soson iska wai don ya samu numfashi. Ƙurar da soson ya tare a hanyar Dan Kasari, in ta shiga ciki, gugar silinda take yi kamar takardar yashi.

Gwajin kwalta bai isa ba, a kan babbar hanyar Konni ko gurgun moto gudu yake. Ka goya mai shi a baya, ku sauka rairayi wajen Lugu ko Gesheme, inda buhun gero zai bi gobe. In ya yi zafi ku kashe shi, ku sake tayarwa. Kun dawo, a fito da kartigiriz da takardar duwan, ka goge lambar da ke jikin ƙarfe da ɗan yatsa, ka karanta ta harafi-harafi kana gwadawa da ta takarda. Sannan ka gyara zama a tabarma ka ce, "Malam, sai ka rage mini kuɗin wankin karbiraton nan naka."