Yadda Ake Zama Masanin Majalisa Ba Tare Da An Sha Wahalar Karatu Ba

Kowace majalisa tana da mutum guda da ake juyawa a kalla idan musu ya yi tsami. Shi ake tambaya shekarar da Najeriya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya, shi ake tambaya ko Amita ne ya mutu a ƙarshen Sholay ko Daramendra. Idan ya makara a ajiye masa gurbi a benci, kuma ba kullum yake biyan kuɗin shayinsa ba. Muƙamin ba albashi ba fansho, amma na ga manyan ma'aikata suna kishin mai riƙe da shi. Idan kai ma kana kwaɗayi, hanyar ba ta da nisa. Karatu mai zurfi ma cikas yake kawowa, domin mai ilimi na gaske ya cika cewa "wataƙila" da "masana sun yi saɓani", ita kuwa majalisa ba ta sauraron mai wataƙila. Abin da kake bukata shi ne 'yan bayanai kamar ashirin da ka tabbatar da su, sai murya, sai bushewar ido.

Ka fara da manyan biranen ƙasashe, don su suka fi araha. Kada ka ɓata lokaci a kan Faransa da Ingila, ko ɗan firamare ya san su. Nemi ƙasashen da birninsu mafi suna ba shi ne fadar gwamnati ba. Ostareliya, Canberra ce ba Sydney ba. Turkiyya, Ankara ce ba Santambul ba. Maroko, Rabat ce ba Kasabalanka ba. Brazil ta koma Brasilia tun 1960, Kwaddibuwa kuma ta ɗauki Yamoussoukro a 1983 duk da hayaniyar Abidjan. Yadda za ka jefa tambayar ya fi amsar muhimmanci. Kana juya cokali a kofi, kamar abin bai dame ka ba, sai ka ce, "Malam Sani, wai ina ne babban birnin Ostareliya?" Zai ce Sydney da ƙarfinsa. Kada ka yi gaggawa. Kurɓi shayi tukuna, ka ajiye kofin, sannan ka ce cikin tausayawa, "Ai kowa ma haka yake zato."

Ƙasa ɗaya ce zan ja maka kunne a kanta, Jamhuriyar Benin. A takarda Porto-Novo ce babban birni, amma idan akwai dillalin mota a majalisar da ke zuwa Kwatano ɗauko kaya, zai ce maka shi ya je ya gani da idonsa, fadar shugaban ƙasa ma a Kwatano take. Gaskiya ya faɗa, kai ma gaskiya ka faɗa, sai dai shi yana da hatimi a fasfo, kai ba ka da shi.

Sai batun alƙaluma. Kada ka kuskura ka cike lissafi. Idan ka ce tsaunin Kilimanjaro ya kai kusan mita dubu shida, za a ɗauka ƙiyasi kake yi. Ka ce mita 5,895, ka ja "da biyar" ɗin nan na ƙarshe, sai ka ga jikin kowa ya yi sanyi, kamar kai ka hau da igiyar awo. Wanda ya fi tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419, kuma da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunansa, wannan riba biyu ke nan. Idan an zo kan ƙasa mafi girma a Afirka, dattijon majalisa zai ce Sudan. Aljeriya ce tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, amma ba a ƙaryata dattijo a gaban yara. Ka rusuna ka ce, "Baba, gaskiyarku ce, haka abin yake a lokacin da kuka yi karatu." Ka ci nasara, ka kuma fita da ladabinka. In kana son ka faranta masa, ƙara da cewa Sudan ta fi Masar yawan dala irin ta Fir'auna. Amma a Kano ka yi hattara da wannan, domin da an ambaci dala wani zai tuno dalar gyaɗa, hira ta karkata zuwa yadda aka lalata Arewa, ba kuma za ta dawo hannunka ba sai gobe.

Ƙwallon ƙafa ita ce fage mafi haɗari, don a nan kowa malami ne. Yaron da ke kwana a gidan kallo ya san sunan mai tsaron gida na uku na kowace ƙungiya a Firimiya, da kuɗin da aka saye shi, da ƙafar da ke masa ciwo. Kada ka tare shi a wasan makon jiya, zai yi maka tsirara. Ja shi baya, zuwa shekarun da ba a haife shi ba. Tambaye shi wa ya fara ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik. Zai zabura ya ce su Kanu ne a Atlanta 1996, har ya ba ka labarin yadda aka doke Brazil 4-3 da Ajantina 3-2. Bar shi ya gama. Sannan ka sanar da shi cewa kwana guda kafin wasan ƙarshen nan, wata 'yar sanda mai suna Chioma Ajunwa ta riga ta ci zinare a dogon tsalle, ta yi mita 7.12. Tambaye shi ɗan Afirkan da ya taɓa cin Ballon d'Or. Idan ya yi sa'a ya ce George Weah a 1995, kada ka bar masa nasarar, ka ce, "To Eusebio fa, da aka haifa a Mozambik ya ci a 1965?" Idan kuma Eusebio ya fara ambata, ka ce ai wannan Fotugal ya buga wa. Irin tambayar da ya kamata ka riƙa tarawa ke nan, wadda duk inda mutum ya faɗa kai ne a sama.

Ko ba jima ko ba daɗe za a kawo maka shari'ar wasan Indiya da Najeriya, wanda aka ce an tashi 99 da 1. Ka san labarin: ƙwallo na zuwa sai ta rikiɗe ta zama zaki, mai tsaron gidanmu ya ranta a na kare, 'yan Indiya su zura. Da ƙyar wani gwarzo ya rufe ido ya ci mana ɗaya, kuma kowace unguwa da sunan gwarzon da take faɗa. Daga nan wai FIFA ta haramta wa Indiya buga ƙwallo. Ba a taɓa buga wannan wasa ba, mutanen Gana ma suna da irin labarin a kan tasu ƙungiyar. Abin da ya faru da gaske shi ne Indiya ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 1950 a Brazil amma ta janye. To, sanin wannan ba ya nufin faɗinsa. Dubi fuskokin jama'a tukuna. Idan matasa ne zalla, rushe labarin ka kwashi tafi. Idan kuwa Alhajin da ke biyan kuɗin shayi ya ce shi da kunnensa ya saurari wasan a rediyo, ka girgiza kai kawai ka ce, "Alhaji, ai mutanen nan sai Allah." Ba ka yi ƙarya ba, kuma ba ka rasa kofin gobe ba.

Tunda an zo Indiya, fim ɗinsu gonarka ce mai albarka, don Bahaushe ya daɗe da su tun zamanin silima. Sholay a 1975 ya fito, Amita ne ya mutu, mugun kuma, Gabbar Singh, sunansa na gaskiya Amjad Khan. Wanda ya fi tayar da majalisa tsaye shi ne na Mother India na 1957. Nargis ta fito a uwar Sunil Dutt, shekara na zagayowa suka yi aure, su ne kuma suka haifi Sanjay Dutt, wanda 'yan kallo a nan suka laƙaba wa ɗan daba mai lasin. Ka tanadi wannan sai ranar da hira ta mutu. Za a yi salati, wani zai ce ya auri uwarsa ke nan, limamin layi zai shigo da fatawa, kai kuma ka jingina ka huta. A fim ɗin Hausa, kowa ya haddace Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 a matsayin mafarin harkar bidiyo a Kano. Ka yarda, sannan ka tunatar cewa Adamu Halilu ya riga ya yi fim ɗin Shaihu Umar tun 1976.

Wannan ya kawo ka adabi ba tare da ka sauka daga benci ba, domin Shaihu Umar littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda daga baya ya zama Firaminista. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Ka ce a lissafo maka su. Za a kawo Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, a kawo Ganɗoki na Bello Kagara, a kawo Shaihu Umar, sai a fara kallon sama. Mai ƙoƙari zai tuno Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Na biyar, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, naka ne kai kaɗai. Ɗora da cewa Bello Kagara da Imam wa da ƙane ne. Ba dole sai ka karanta littattafan ba, ko da yake ni a ganina wanda ya girma bai karanta Ruwan Bagaja ba ya cuci kansa. In ka ƙi, aƙalla ka riƙe sunan Malam Zurƙe na cikin labarin, ka riƙa yin dariya duk lokacin da aka ambace shi. Na Turanci kuwa abu ɗaya ya ishe ka: Wole Soyinka ne ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986, Chinua Achebe bai taɓa ci ba, duk da kusan kowa shi yake fara ambata.

A waƙa, sunan Ɗan Maraya Jos na yanka Adamu ne, kuntiginsa kuma tsirkiya ɗaya gare shi. Shata mutumin Musawa ne, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin dakta na girmamawa, ya rasu a 1999. Idan aka tambaye ka yawan waƙoƙinsa, faɗi duk adadin da ya zo bakinka muddin ya shiga dubbai, ba mai kaset ɗin da zai ƙaryata ka. Ga samarin da ke cewa Burna Boy ne ya fara kawo Grammy a 2021, ka gaya musu an haifi Sade Adu a Ibadan, ta kuma karɓi tata tun 1986. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne amsa tambayar wa ya fi tsakanin Shata da Ɗanƙwairo, ko tsakanin Ɗanƙwairo da Narambaɗa. Wannan ba kacici-kacici ba ne, rigimar Katsinawa da Zamfarawa ce, ka bar musu kayansu.

Rana za ta zo da za a jefo maka abin da ba ka sani ba. Kalmar "ban sani ba" haramun ce a wannan sana'a. Ka iya tambayar mai tambayar, "A wace ruwayar kake so?" sai ya rikice ya fara zargin kansa. Ka iya yin tsaki ka ce wannan ai ko yaro ya sani, ka nuna wani yaro, in ya amsa ka ce, "Kun gani ko?" Akwai kuma mafakar kogi: ko me ake magana, ka karkata zuwa musun Nilu da Amazon wanne ya fi tsawo, don masana kansu ba su gama daidaitawa ba, za a iya kai wa Isha'i a kansa. In duk sun ƙi, dubi agogo ka tashi neman buta.

Babban maƙiyinka shi ne matashin nan mai shiru a ƙarshen benci, mai babbar waya da data. Ba ya musu, sai dai ka ga yana latse-latse, can ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, amma a nan an rubuta..." Maganinsa kaɗan ne. Ka san kusurwar da sabis ba ya kamawa, ka ja majalisar can da sunan neman inuwa. Ka aike shi sayo ƙosai daidai lokacin da za ka yi babbar magana. Idan ya kama ka dumu-dumu, ka ce ita intanet ɗin ma ai mutum ne ya rubuta ta, wanda gaskiya ne, sai dai kada ka yawaita, don ranar da wayar ta goyi bayanka kai ne za ka fara cewa a karanto wa jama'a da ƙarfi.

Duk yadda aka zuga ka, kada ka buga waya a shirin kacici-kacici na gidan rediyo. Can babu shayin kurɓa, babu yaron nunawa, daƙiƙoƙi ake ƙirga maka, gari duka yana ji, har da surukanka. Haka nan kada ka kai muƙamin gida. 'Yarka ta aji biyar za ta zo da littafin aikin gida ta ce, "Baba, an ce kai ka san komai." Za ta fara da ƙananan hukumomin Najeriya, ka ce 774, ta rubuta. Ta tambayi na Kano, ka ce 44, ta rubuta. Daga nan za ta juya shafi zuwa lissafi mai raba-dogo da ragowa. Tun kafin ta juya ɗin, ka yi hamma, ka ce ka gaji, ta je wajen mamanta.