Masu Dariyar Laka, Ku Matso Kusa

To, jama'ar Treichville, saƙonku ya iso. Tun ranar da na kuskura na faɗa a teburin mai shayi cewa akwai masanan da ke shiga jirgin ruwa, su kwashe makonni cikin ƙanƙara don kawai su ɗebo laka daga ƙasan teku, ban ƙara shan iska ba. Alhaji mai goro ya ce in dai laka ce, shi zai sayar musu buhu-buhu daga gindin gadar De Gaulle, har da gyara. Hajiya mai kifin kwali ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, boko ya fara taɓa ka." Abokin wasana Bazabarme kuwa, da ba ya rasa ta cewa, ya yanke hukunci wai zinariya Turawan ke nema, tsutsa fakewa ce kawai. Mutanen Adjamé ma sun aiko da tasu, wai in kawo musu hoton dabbar da ido ba ya gani.

Bari in fara da ke, Hajiya, tunda bakinki ya fi na kowa zafi. Kin tuna zamanin kurkunu a ƙauye? Kin tuna ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida da ƙyallen tace ruwa? Abin da ake tacewa ɗin nan wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwa ce, ita ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, mutum ya sha su bai sani ba, bayan shekara ƙafa ta kumbura. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Kodebuwa da Nijar da Najeriya sun rabu da cutar. A lokacin ba ki ce a kawo miki hoto ba, tace ruwanki kika yi. To dangin waɗannan biyun ne suka fi yawa a lakar da kike yi wa dariya: tsutsotsi sirara kamar zare, waɗanda masana ke kira nematod, sai kuma 'yan uwan waccan halittar ta ruwa, kofefod. Na tekun dai ba ruwansu da ƙafar kowa. Bakteriya suke ci, da tarkacen da ke zubowa daga saman ruwa, su kuma manyansu su cinye su.

Yadda ake ware su ma aikin rariya ne, irin wanda kika fi ni sani. Rariya biyu ake sawa. Ta sama raminta milimita ɗaya ne ko rabinsa, ta ƙasa kuwa ta fi ƙyallen tatar koko laushi nesa ba kusa ba. Duk dabbar da ta zurare ta sama amma ta maƙale a ta ƙasa, ita ce abin nema. Wata masaniya 'yar Ingila, Molly Mare, ita ta raɗa wa wannan rukuni suna tun 1942. A filin da bai wuce bayan akwatin ashana ba, sai a ƙirga ɗaruruwansu, wani wuri ma dubbai. Motar gbaka ta Adjamé da ƙarfe shidan yamma ba ta kai nan cunkoso ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gane su. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, tsutsa dubu duk kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Sai gwani ya ɗora kowace a kan gilashi, ya leƙa bakinta, ya duba wutsiyarta, ya auna, kafin ya ce wannan 'yar gidan wane ce. Gwanayen ba su da yawa a duniya, aikin kuma ci-rai ne. A nan DNA ta shigo, wadda ku 'yan Faransanci kuke kira ADN. Rubutu ne da ke cikin jikin kowace halitta, da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, jerinsu ne ya bambanta kaza da zabo. A 2003 wani masani na jami'ar Guelph a Kanada, Paul Hebert, ya kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan yanki mai haruffa kamar 650 a matsayin lambar shaidar kowace dabba, kamar zanen layi-layin nan da ke jikin gwangwanin madara a kanti. Daga baya aka ce, me zai hana a karanta na taro gaba ɗaya?

Hajiya, ki ɗauka markaɗe ne. An zuba tumatir da attaruhu da albasa da citta a inji, sun zama ruwa guda. Ke da kin ɗanɗana za ki ce akwai citta a nan, ko da ba ki ga lokacin da aka jefa ta ba. Haka ake yi wa dabbobin lakar. A markaɗe su tare, a tsamo DNA ɗinsu, a ninka yankin da ake so sau miliyoyi da dabarar PCR, wadda duk wanda ya hau jirgin sama lokacin korona ya san sunanta, har da zafin tsinken a hanci. Na'ura ta karanta, kwamfuta ta gwada da kundin da aka tara, ta fitar da jerin mazauna unguwar.

Alhaji, zo mu yi cinikin buhunka. Ba za su saya ba, ko kyauta ka ba su. Su wata na'ura suke saukarwa da igiyar ƙarfe, mai bututun roba da yawa, ta sauka a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, ta tsoma bututun, ta rufe bakinsu, ta hau da lakar yadda take kwance. A cikin jirgi a yanka ta fale-fale, santimita-santimita, domin mazauna sama daban, na ƙasa daban. Wani kason a daskarar da shi nan take don DNA, wani a adana shi don madubi. Kai kuwa da shebur za ka kwaso, ka cakuɗa kaka da jika.

Wani wurin da suke naci a arewa sunansa Hausgarten. Na san Bazabarme zai ce ga shi nan, har can ma Hausawa sun kafa lambu. A'a, Jamusanci ne, ma'anarsa lambun gida. Cibiyar Alfred Wegener ta Jamus ce ta kafa shi a 1999, a mashigin Fram tsakanin Girinlan da tsibiran Svalbard, kuma zurfinsa a wani wurin ya haura mita 5,000. Shekara bayan shekara suna komawa, sau da yawa da jirginsu mai fasa ƙanƙara, Polarstern, su ga wa ya ƙaru, wa ya ragu yayin da ruwan ke ɗumama. A kudu kuwa, a Antatika, wata katafariyar rumfar ƙanƙara mai suna Larsen B, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 3,000, ta farfashe cikin 'yan makonni a 2002. Ƙasan tekun da ya yi dubban shekaru a rufe ya wayi gari ana zubo masa abinci daga sama. Su wa suka shigo, su wa suka kama gabansu? Tsutsotsin nan na cikin waɗanda aka je tambaya.

Yanzu bari in ba ku naku, kada a ce na cika son kai. Shakkarku tana da gindi. Kundin da ake gwadawa da shi bai cika ba, musamman na halittun yankin ƙanƙara, don haka kwamfuta kan fitar da lamba tsirara babu suna, kamar ɗan sanda ya sami zanen yatsa amma mai yatsan ba ya cikin rajista. Sanyi kuma yana adana DNA, sai ta nuna maka wanda ya daɗe da mutuwa kamar yana nan da ransa. Ba ta iya ƙirga kai yadda ya kamata: tsutsa ɗaya mai ƙiba tana iya rinjayar ramammu hamsin. Shi ya sa har gobe ba a sallami mai madubi ba. Wanda ya ce muku na'ura ta gama komai, ku tsare shi da tambaya yadda kuka tsare ni.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ku ce wannan hidimar mutanen ƙanƙara ce. Ku da ke Treichville, kun taɓa bi ta Rue des Pêcheurs kun karanta allon cibiyar binciken teku, CRO? A unguwarku take, shekaru da yawa ma'aikatanta suna nazarin ruwan lagun Ebriye da kifayensa. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950 ruwan gishiri ke ƙara shigowa lagun, kwatocin birni kuma suna ta zuba nasu. Duk wannan yana kwanciya a laka, kuma wanda ya zauna cikinta shi ya fi sanin halinta: wasu tsutsotsin suna jure ƙazanta, wasu da ta yi yawa sai su ɓace. Kifin mashwaron da kuke gasawa a ƙasan nan yake kiwo. Gaba kaɗan da Vridi kuma ga kwazazzabon ƙarƙashin teku da ake kira Trou Sans Fond, wato ramin da ba shi da iyaka. Dabarar da ta karanta lakar Svalbard za ta karanta tasa. Ƙanƙarar da ke narkewa daga doron Girinlan da Antatika ma, tana cikin abin da ke ƙara wa teku tsayi, ga mutanen Port-Bouët da Grand-Lahou teku na ci musu gaɓa.

Saboda haka, Alhaji, in yarinyarka da ke jami'ar Nangui Abrogoua ta zo hutu ta ce tsutsar laka take son karanta, kada ka aika a kira mai ruƙiyya. Ka sa mata albarka, ka ƙara mata kuɗin tasin woro-woro. Kai kuma Bazabarme, zinariyar ba ta fito ba, don haka kuɗin shayin gobe a kanka yake, da burodi da ƙwai biyu.