Fi'ilin Turanci da 'Yan Rakiyarsa

Fi'ilin Turanci ba ya son tafiya shi kaɗai. Yakan jawo 'yar guntuwar kalma irin su "up", "down" ko "out", kuma da zarar ta manne masa, sai ma'ana ta sauya gida. Ɗalibin sakandare a Gaya da ya haddace cewa "break" fasawa ce zai sha mamaki a jarrabawar WAEC. "Break down" shi ne abin da motar haya kan yi tsakanin Gaya da Ajingi ranar kasuwa. "Break in" aikin ɓarawo ne. "Break out" na kwalara ne da damina. "Break up" kuwa saurayi da budurwa ne suka raba gari, ko kofi ba a fasa ba.

Alkibla ma ba abin dogaro ba ce. Wanda ya yi "give up" bai miƙa komai sama ba, ya dai sallama. Wani lokaci 'yar rakiyar takan tsere ƙarshen jimla, kamar a "turn the light off". Mutanen gari sun yanke wahala: sun sallami fi'ilin, sun riƙe 'yar rakiyar, sai a ji ana cewa a yi "ofin" ɗin janareto, mai ya yi tsada.