Kayan Raƙumi a Bayan Jaki

An ja wa gidanmu wayar wuta tun zamanin da aikinta bai wuce ƙwai uku, fanka ɗaya da rediyon Baba ba. Yau ma ita ce dai, robar jikinta ta bushe tana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, amma an jibga mata firji, dutsen guga, hita, injin markaɗe, ga cajar waya ta kowa da kowa har da ta maƙwabta.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Wutarmu bolt 230 ce, fis ɗin filogi mai ƙafa uku iyakarsa amfiya 13, wato wajen wat 3,000. Butar lantarki ita kaɗai takan lashe 2,000. Ka haɗa ta da dutsen guga a ekstenshan ɗaya, sai fis ya tsinke. Aikinsa ke nan, bawan Allah: ya mutu don gida ya tsira.

Kawu dai yana ganin ragwanci ne kawai. Da fis ya tsinke sau biyu, sai ya ɗaura masa jan ƙarfe mai kauri. "Yanzu ba ya yankewa," in ji shi. Bai yi ƙarya ba. Soket ɗin ne ke narkewa.

Mai gyara ya zo ya buɗe, ya yi salati. Siririyar wayar fitila, mai milimita 1.5, ya tarar, inda ake son 2.5, babu kuma wayar ƙasa. Ya faɗi kuɗin aiki. Kawu ya shinshina iska, ya ce, "Malam, anya ƙaurin nan ba daga maƙwabta yake ba?"